Idan Farantin Faifan Kwamfuta Ya Ƙi Fitowa



A tsakiyar hunturu wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta aiko a kira mu cikin gaggawa. Da muka shiga falonta sai muka tarar da babban jikanta durƙushe gaban tsohuwar kwamfutar gidan, da wuƙar kicin a hannunsa, yana neman inda zai soka ta. Hajiya ta ce mana: "Ɗana, faifan bikin autata ne ya maƙale a ciki, kuma a cikinsa kaɗai muryar marigayi Alhaji ta rage mana." Muka ce wa yaron ya ajiye wuƙar tukuna. Abin da muka yi a wannan rana shi ne muke so mu shimfiɗa a nan, domin gidaje da yawa na da irin wannan kwamfuta, da irin wannan faifai da ba shi da na biyu.

Yadda abin yake aiki

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da faifan CD a shekarar 1982, sannan DVD ya shiga kasuwa a 1996. Faɗinsu ɗaya ne, santimita 12, amma CD na ɗaukar kimanin megabait 700, DVD na yau da kullum kuwa gigabait 4.7. Na'urar da ke karanta su, wadda masu gyara ke kira lecteur, tana da faranti mai shiga da fita. Wani ɗan ƙaramin inji ne ke tura farantin, ta hanyar siririn zoben roba da wasu ƙafafu masu haƙora. Idan farantin ya shiga, sai wani maganaɗisu ya danne faifan a kan sandar da ke juya shi. Saboda haka, idan faranti ya ƙi fitowa, yawanci ɗayan abu uku ne: ko wata manhaja ta kulle shi, ko wuta ba ta isa na'urar, ko kuma wani abu daga cikin kayan motsinta ya gaji.

A fara da ido da kunne

Kafin a taɓa komai, a danna maɓallin fitarwa sau ɗaya, a dubi ƴar fitilar da ke gaban na'urar, a kuma kasa kunne. Idan fitila ba ta ƙyafta ba kuma babu wani motsi, a yi zargin wuta. Idan ta ƙyafta amma shiru, a yi zargin manhaja. Idan kuwa an ji gurnanin inji ko ƙaran ƙas-ƙas, alhali faranti na nan inda yake, to matsalar tana wajen roba ko haƙora. A kuma lura cewa wasu akwatunan kwamfuta na da murfi a gaban na'urar, mai nasa maɓalli na waje. Wani lokaci wannan maɓalli ne ba ya kai wa ga na ciki. Sai a buɗe murfin da yatsa, a danna na ainihi.

Idan manhaja ce ta riƙe shi

Manhajojin da ke rubuta faifai, irin su Nero, sukan kulle faranti yayin da suke aiki don kada a ɓata rubutun, kuma idan suka tsaya cak sai kullen ya zauna. A rufe duk wata manhajar kallo, sauraro ko rubutu. Daga nan a buɗe "Ce PC" a Windows 10 ko 11, wanda a tsohuwar Windows XP ake kira "Poste de travail", a danna alamar faifan da maɓallin dama na linzami, a zaɓi "Éjecter". In hakan bai yi ba, a kashe kwamfutar, a sake kunna ta, a danna maɓallin fitarwa tun a daƙiƙun farko, kafin Windows ta tashi. Wannan gwaji ne mai raba gardama: idan farantin ya fito a lokacin, na'urar lafiyarta lau, laifin na manhaja ne.

Ramin gaggawa

Idan duk wannan bai yi amfani ba, masu ƙera na'urar sun tanadi mafita. A gabanta, ƙasa da faranti, akwai wani ɗan rami kamar na allura. A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a cire wayarta daga bango, a jira kamar minti guda. Jiran nan wajibi ne, domin a na'urori masu sauri faifai kan yi zagaye wajen 10,000 a minti ɗaya, kuma idan aka saki faifan yana juyawa zai iya gogewa ko ya tsage. Sai a samo ɗan ƙarfen nan da ake maƙale takardu da shi a ofis, wato trombone, a miƙar da shi, a tura shi cikin ramin a miƙe har a ji ya taɓa wani abu, sannan a ƙara dannawa da ɗan ƙarfi. Farantin zai leƙo kaɗan, sai a jawo shi da hannu a hankali. Kada a yi amfani da tsinken sakace ko allura, don sukan karye a ciki, kuma kada a rikita wannan rami da na fitila. Da wannan dabarar muka fitar da faifan Hajiya ba tare da ko ƙwarzane ba.

Wayoyi da zoben roba

Fitar da faifai ba shi ne gyara ba. Idan alamu sun nuna rashin wuta, a buɗe gefen akwatin bayan an cire wayar bango, a taɓa ƙarfen jikinsa don sauke lantarkin da jikin mutum ke tarawa, musamman a busasshen lokaci irin na hunturu. A bayan na'urar akwai wayoyi biyu, ta wuta da ta bayanai. A na'urorin SATA duka biyun sirara ne. A tsofaffin IDE kuwa ta bayanai faffaɗa ce mai ramuka 40, ta wuta mai ƙafa 4. A zare kowace a mayar da kyau, a kuma gwada wata wayar wutar idan akwai. Amma akwatin da ke rarraba wuta, mai fanka a bayansa, ba a buɗe shi ko kaɗan, domin yakan riƙe wuta mai haɗari ko bayan an kashe.

A ƙasashenmu na Sahel, zoben roba ne ya fi ba da wahala. Zafin bazara na sa shi ya saki ko ya bushe, ƙurar hunturu kuma ta sa shi santsi, sai inji ya yi ta juyawa shi kaɗai. Akwai alamar da ke tona asirinsa: faranti ya riƙa fitowa idan da faifai a ciki, amma ya ƙi idan babu. Dalili shi ne, in babu faifai a tsakani, maganaɗisun yakan manne wa sandar sosai, robar da ta gaji kuma ta kasa raba su. A na'urori da yawa ana hango zoben daga gaba idan faranti na waje. Ana iya zaro shi da ɗan hantsaki, a goge shi da auduga da alkol na kantin magani, ko a sa sabo daidai girmansa. Kada a zuba mai, kuma kada a kwance jikin na'urar tana haɗe da wuta, saboda hasken leza da ke cikinta na iya cutar da ido. Wanda hannunsa bai saba ba, ya kai wa mai gyara.

Abin da ya fi gyara muhimmanci

Yawancin sababbin kwamfutoci a yau ba sa zuwa da wannan na'ura, amma ana samun ta waje mai haɗawa ta USB, wadda za ta wadatar idan ta ciki ta mutu. Faifan da aka rubuta a gida ko a shago kuwa, rubutunsa na kan wani rini ne da zafi da hasken rana ke cinyewa sannu a hankali. A CD, bayanan sun fi kusa da fuskar da ake rubuta suna, don haka ƙwarzane a wannan ɓangare ya fi muni. A riƙe faifai ta gefensa, a goge shi daga tsakiya zuwa baki, kada a manna masa takarda, kada kuma a sa wanda ya tsage a cikin na'ura.

Kafin mu bar gidan Hajiya, mun kwafe bidiyon a cikin kwamfutar, muka sa a kile USB guda biyu, ɗaya na wurinta, ɗaya aka aika wa autar a gidan mijinta. Duk mai faifan biki, na suna ko na muryar wani nasa da ya riga mu gidan gaskiya, muna ba shi shawara ya yi hakan tun cikin makon nan, tun faifan na karantuwa. Allah ya sa mu dace.