BRAC: Ƙungiyar da Akanta Ya Kafa, Ta Hana Kanta Ruɗin Kai

A watan Nuwamba na 1970 wata guguwar teku ta auka wa gaɓar Gabashin Pakistan, ta hallaka mutum aƙalla 300,000. Ba a gama zaman makoki ba yaƙi ya ɓarke a 1971, yankin ya ɓalle ya zama ƙasar Bangladesh, mutum kusan miliyan 10 suka tsere zuwa Indiya. A lokacin Fazle Hasan Abed babban akanta ne a kamfanin mai na Shell a birnin Chittagong. Ya bar aikin, ya sayar da gidansa na Landan, a 1972 ya nufi Sulla, wani lungu a arewa maso gabashin ƙasar da ruwa ke shanyewa duk damina, domin masu komowa gida su samu inda za su kwanta da kwalekwalen da za su koma su. Nan aka haifi BRAC, wadda a yau ake lissafa ta cikin ƙungiyoyi masu zaman kansu mafiya girma a duniya.

Ƙungiyoyin agaji dai ba baƙi ba ne a wurinmu. Mun san farar mota, mun san taron bita a otal, mun san allon da ake kafawa gefen famfon da bai cika shekara yana ba da ruwa ba. Abin da ya raba BRAC da wannan sahu, a ganina, ɗabi'ar akanta ce da Abed ya shigo da ita: ba a yarda da "an yi" sai an je an gani, an ƙidaya.

Darasin farko ya zo da ɗaci. Mutanen BRAC sun fara da yi wa gari duka aiki, sai suka tarar masu gonaki da masu faɗa a ji ne ke kwashe romon. A 1977 suka sauya akala zuwa ga marasa gona kaɗai, musamman mata, kuma a 1980 suka wallafa binciken da suka yi a ƙauyuka goma, wanda ya bi diddigin yadda kayan agaji ke maƙalewa a hannun manyan gari kafin ya isa ga mai buƙata.

Aikin da ya fito da halin ƙungiyar fili shi ne yaƙi da gudawa, wadda a lokacin ke ɗibar yara ƙanana ba adadi. Maganin ba ya buƙatar kanti: gishirin da yatsu uku za su tsunkulo, cikin hannu ɗaya na mazarƙwaila, a dama a ruwa kimanin rabin lita. Tsakanin 1980 da 1990 mata ma'aikata suka bi gida gida, sama da gida miliyan 12, suna zama da uwar gida a tsakar gidanta har ta haɗa da hannunta, da kwanonta. Albashin ma'aikaciya bai dogara ga yawan gidajen da ta shiga kaɗai ba. Bayan wata guda mai duba aiki zai zaɓi wasu gidajen, ya yi wa uwa tambayoyi, ya sa ta haɗa ruwan a gabansa, ya ɗebi kaɗan a kwalba a kai ɗakin gwaji a auna gishirin. Gwargwadon abin da iyaye mata suka riƙe, gwargwadon abin da ma'aikaciya za ta karɓa. Da wannan bibiya ne aka gano cewa matan sun iya haɗawa amma kaɗan ne ke shayar da yaran, domin ba a yi magana da mazajensu ba. Sai aka tura maza kasuwanni da masallatai su yi wa magidanta bayani.

Da wannan ido aka shiga harkar ilimi a 1985, da makarantu 22 kacal. Kafin a buɗe su, an tsaya an gano dalilan da ke fitar da ɗan talaka daga makarantar gwamnati. Makaranta na da nisa, kuma uwa ba ta sakin jiki ta tura ’ya mace. Lokacin darasi na cin karo da aikin gida da na gona. Ga kuɗin littafi, ga aikin gida da malami ke bayarwa alhali babu mai karatu a gidan da zai duba wa yaro.

Kowane ɓangare na makarantar BRAC amsa ce ga ɗaya daga waɗannan. Ɗaki ɗaya ne a cikin ƙauye, haya ake yi, ba gini ba. Yara kimanin 30, masu shekara 8 zuwa 10, waɗanda ba su taɓa shiga aji ba ko suka fita, galibinsu mata, suna zaune kan tabarma sun kewaye malama. Ita malamar ’yar garin ce, yawanci matar aure, domin ba za ta tashi ta bi miji wani gari a tsakiyar zango ba. Ba ta da takardar koyarwa, ta dai yi wasu shekaru a sakandare. Horo na kimanin mako biyu ake ba ta, sannan duk wata ta koma bita, mai duba aiki kuma na leƙowa a kai a kai. Iyaye ne ke zaɓar lokacin karatu, awa uku ko makamancin haka a yini. A farko babu kuɗin makaranta, littafi da allo kyauta. Malama ɗaya ke riƙe da yaran daga farko har ƙarshe, don haka idan yarinya ta yi fashin kwana biyu ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Daga baya aka tsara yadda za a cinye manhajar shekara biyar cikin shekara huɗu, yara su wuce sakandaren gwamnati. Kafin shekarar 2000 irin waɗannan ɗakuna sun haura 30,000.

Ta fuskar neman abinci, BRAC ta fara ba da ƙananan rance tun 1974, ta kuma lura da wuri cewa rance kaɗai ba ya fid da kowa. Mace ta ci bashi ta sayi kaji, annoba ta share su, sai aka horar da matan ƙauye su riƙa yi wa kaji allurar rigakafi ana biyansu. Masu saƙa da ɗinki na jiran ’yan kasuwa wata da watanni kafin su ga kuɗinsu, sai a 1978 aka buɗe kantin Aarong a Dhaka. Masu saniya na sayar da madara a wulaƙance don babu inda za su adana ta, sai a 1998 aka kafa masana'antar madara. Ribar waɗannan da ta rance ce ke ɗaukar mafi yawan ɗawainiyar ƙungiyar a cikin Bangladesh.

Girman nan bai rasa masu suka ba, kuma ba duka sukar ce hassada ba. Ƙungiyar da ke da banki da jami'a, duka tun 2001, ta fara kama da gwamnatin da babu wanda ya zaɓa. Abin da ake biyan malamai bai taka kara ya karya ba, kuma ana iya cewa araharsu ce ta sa gwamnati ta yi sanyin jiki wajen sauke nauyinta.

Sai dai suka mafi zafi daga cikin gida ta fito. Ana cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma masu binciken BRAC sun tarar akwai talakan da ko bashin ba ya isa gare shi: gwauruwar da ke wanke-wanke a gidan mutane don a ba ta ragowar abinci, wadda sauran mata ba sa yarda ta shiga rukuninsu don kada ta kasa biya. A 2002 aka fito da shiri na musamman domin irinsu. A lokacin ana ba mace saniya ko awaki kyauta, a haɗa mata da ɗan kuɗin cefane na wasu watanni don kada yunwa ta sa ta sayar da dabbar, a koya mata kiwo da ajiya, ma'aikaci kuma ya riƙa zuwa gidanta har kusan shekara biyu.

Wasu ƙungiyoyin sun gwada tsarin a Habasha, Ghana, Honduras, Indiya, Pakistan da Peru, aka wallafa sakamakon a mujallar Science a 2015. Cikin masu binciken akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, shekarar da Abed ya rasu. A ƙasashe biyar abin da gidajen suka ƙaru da shi ya zarce abin da aka kashe. A Honduras kaji aka raba, cuta ta kashe su, aka kuma rubuta hakan yadda yake.

Gwamnatin Nijar ma, da tallafin Bankin Duniya, ta gwada irin wannan tsari kan matan karkara da dama ke karɓar tallafin wata-wata. Dukansu aka sa su cikin asusun ajiya da horon sana'a. Wasu aka ƙara masu jarin sefa 80,000, wasu kuma aka nuna wa gari duka fim, maza da mata, aka zauna aka tattauna kan burin mata da sana'arsu, sannan aka horar da matan kan yanke shawara da amincewa da kai. Sakamakon da ya fito a mujallar Nature a 2022 ya nuna duka rukunonin sun ci gaba, kuma idan aka auna riba da abin da aka kashe, rukunin fim da tattaunawa, wanda bai karɓi jarin ba, ya fi rukunin jari biyan kuɗinsa.