Koyon Tuƙi A Cikin Mota Mai Ƙarfin Gudu

An shirya wannan bayani domin Hakimai da malamansu, saboda su a kan fara kawo wa kuka in mota ta yi ɓarna a cikin gari, su ne kuma attajirai da manyan ma'aikata su kan nemi shawararsu a kan sha'anin 'ya'yansu. Maganar ita ce, shin ya dace malamin tuƙi ya koya wa ɗalibi a cikin mota mai ƙarfin gudu, irin wadda aka ƙera don tsere ko don gwada isa? A waɗansu ƙasashe akwai malaman da su ke yin haka, akwai kuma gwamnatocin da suka zauna suka yi doka a kan al'amarin. Abin da suka yanke ya cancanci a san shi, don ba shi ne abin da mutum zai fara zato ba.

Yadda a ke auna ƙarfin mota

Tun zamanin injin tururi Turawa su ke auna ƙarfin inji da ƙarfin doki, a ce wannan inji ya na da doki kaza. A takardun hukuma yanzu an fi rubuta shi da kilowat, kilowat ɗaya kuwa ya yi doki ɗaya da sulusi. Amma yawan dawaki kaɗai ba ya nuna zafin mota. Babbar motar kaya ta na da dawaki ɗaruruwa, duk da haka sai ta yi nishi kafin ta tashi, don nauyin da ta ke ja. Saboda haka masana su kan raba ƙarfin injin da nauyin motar, su ga doki nawa ne ke jan kowane tan guda.

Ƙaramar mota irin Toyota Corolla, wadda ta cika tituna, ta na da doki 130 zuwa 140, nauyinta kuwa tan ɗaya da ɗan kai, watau kimanin doki 100 ke nan a kan tan. Daga tsaye ta kan yi kamar sakan goma kafin ta kai gudun kilomita 100 a awa. Babbar Land Cruiser mai silinda takwas ta kan kai doki 300 ko fiye, amma ta haura tan biyu da rabi, don haka a wannan ma'auni ba ta yi wa Corolla nisa ƙwarai ba. Ita haɗarinta na nauyi ne da tsawo, ta fi saurin kifewa in an karya sitiyari da gudu. Motar tsere irin Lamborghini Huracán kuwa ta na da doki wajen 600 a jikin da bai kai tan ɗaya da rabi ba, sama da doki 400 a kan tan, ta kan kai kilomita 100 cikin sakan uku da ɗan abu. Wanda ya san bambancin ƙuru da ingarma ya san abin da waɗannan alkaluma su ke faɗi.

Sakan ɗaya

Motar makarantar tuƙi ta ƙwarai ta na da birki biyu, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a ƙafar malami, in mai giyar hannu ce a kan ƙara wa malami kuloci. Amma malami mutum ne. Kafin idonsa ya ga kuskure, hankalinsa ya gane, ƙafarsa ta kai ga birki, sai an yi kamar sakan guda. Duk maganar ta rataya ne a kan abin da mota za ta iya yi cikin wannan sakan.

Kuskuren da sabon ɗalibi ya fi yi shi ne ya firgita ya take totur a maimakon birki, ko ya saki kuloci gaba ɗaya. In a ƙaramar mota ne, sau da yawa sai ta yi tsalle injin ya mutu, a yi dariya a sake tayarwa. In ma ba ta mutu ba, abin da za ta ƙara cikin sakan ɗin bai wuce gudun kilomita goma ko sha wani abu ba. Motar tsere kuwa cikin wannan sakan ta kan ƙara kamar kilomita talatin, in tayoyin baya ne ke janta su na iya sulɓewa, gindinta ya juya, gabanta ya nufi inda ba a nufa ba. Birkin malami ya na tsayar da mota, amma ba ya mayar da ita kan hanya bayan ta karkace.

Littafin dokokin hanya na Ingila ya ba da wani lissafi wanda ya kamata kowane malamin Hakimi ya rubuta ya ajiye. Mota mai gudun mil 30 a awa, watau kilomita 48, ta na cin mita 9 kafin direba ya taka birki, da mita 14 bayan ya taka, jimla 23. Mai gudun mil 60, kilomita 96, ta na cin mita 18 da mita 55, jimla 73. A lura, gudu ya ninka sau biyu, amma tafiyar birki ta ninka sau huɗu. Wannan kuwa a busasshen titi mai kwalta ne da tayoyi masu kyau, ba a hanyar burji ko ranar ruwan sama ba. A gudun kilomita 100 mota ta na shafe mita 28 kowane sakan, tsawon motoci shida a jere.

Abin da aka yanke a Ostareliya

Ƙasar Ostareliya ta na cikin waɗanda suka fi tsananta wannan doka, kowace jiha da tata. A jihar New South Wales, inda birnin Sidni ya ke, ɗalibin da bai kai shekara 25 ba sai ya cika awa 120 ya na tuƙi da mai cikakken lasin a gefensa, 20 daga ciki da dare, a na rubutawa a littafi, ba ya kuma wuce kilomita 90 a awa. In ya ci jarrabawa ba a ba shi cikakken lasin nan take. Sai ya yi shekara guda da lasin gwaji na fari, sa'an nan shekara biyu da na biyu.

A shekarar 2005 jihar ta hana masu lasin gwaji tuƙa motoci masu silinda takwas da masu injin turbo. Daga baya sai masu ƙera motoci suka shiga sa turbo a ƙananan injuna don rage shan mai, dokar ta zama ta na kama motocin da ba su da laifi. Saboda haka a 2014 aka sake ta, aka koma ga ma'aunin nan na ƙarfi da nauyi: duk motar da ta wuce kilowat 130 a kan tan, kimanin doki 174, an hana mai lasin gwaji. Jihohin Biktoriya da Queensland su ma wannan adadi su ke bi.

To, ga inda abin lura ya ke. Wannan hani bai hau kan ɗalibi mai koyo ba. Yaro mai alamar L ya na iya tuƙa babbar motar ubansa mai ƙarfi muddin uban ko malami ya na zaune kusa da shi, amma ranar da ya ci jarrabawa ya fara fita shi kaɗai, ranar ce aka raba shi da ita. Da farko mutum zai ce an juya abin a baibai. Ba haka ba ne. Binciken haɗurra a ƙasashe da dama ya nuna abu guda, cewa ɗalibi mai babba a gefensa ya na cikin direbobin da ba su cika yin haɗari ba, sa'an nan watannin farko na tuƙi shi kaɗai su ne mafi haɗari a duk rayuwar direba. Ba ƙafarsa ce ta canja ba tsakanin jiya da yau. Abin da ya canja shi ne babu mai ce masa rage, ga abokai a kujerar baya, ga dare.

Italiya ma sabon direba ta ɗaure, ba ɗalibi ba. A 2011 aka hana mai sabon lasin tuƙa motar da ta wuce kilowat 55 a kan tan cikin shekararsa ta farko. A watan Disamba na 2024 aka ɗaga adadin zuwa 75, amma aka tsawaita wa'adin zuwa shekara uku. Ingila kuwa ba ta sa iyakar ƙarfin mota ga ɗalibi ko sabon direba ba, tsadar inshora ce ta kan hana su. Tun 2018 an yarda ɗalibi ya hau babbar hanyar gudu a can, da sharaɗin malamin ya zama mai rajista, motar kuma mai birki biyu.

Jihar Ostareliya ta Kudu ta ƙara wani mataki. A shekarar 2019 wata Lamborghini ta kuɓuce wa mai ita a birnin Adelaide, ta hau gefen titi ta kashe yarinya 'yar shekara 15. Direban ba yaro ba ne, ya haura shekara 30. Bayan wannan aka yi doka, daga 1 ga Disamba 2024 duk mai son tuƙa motar da ta kai kilowat 276 a kan tan sai ya yi wani karatu ya karɓi lasin na musamman, an kuma haramta masa kashe na'urorin da ke hana taya sulɓi.

Hujjar malaman da ke koyarwa da irin waɗannan motoci

Ba za a ce ba su da abin faɗa ba. Su kan ce yaron nan ko an ƙi ko an so motar gidansu zai koma ya tuƙa, gara ya fara jin ƙarfinta da malami a gefe. Su kan ce kuma motoci masu tsada sun fi birki mai kyau da na'urorin tsaro. Duka biyu gaskiya ne. Akwai dalili na uku wanda ba su cika faɗa ba, shi ne kyakkyawar mota ta na jawo masu biya.

Amma akwai abin da ya faru a ƙasar Norwe da ya kamata a sa a ma'auni. A 1979 aka wajabta wa sababbin direbobi darasin sarrafa mota a kan santsi, don ƙasar ƙanƙara ce. Da aka bincika daga baya, sai aka ga haɗarin samari maza a kan santsi ƙaruwa ya yi, ba raguwa ba. Darasin 'yan sa'o'i bai sa sun gwanance ba, amma ya sa sun ɗauka sun gwanance. Abin tsoro ke nan ga yaron da aka ɗanɗana masa gudu a fili mai shinge, ya fito ya na ganin ya san kan ingarma. Ban da wannan, mota mai ƙarfi ta na ɓoye kurakurai. Ɗalibi ya shiga kwana da giyar da ba ita ba, ko ya yi wuce bai auna tazara ba, injin ya fisshe shi, bai ma san ya yi laifi ba. Ƙaramar mota kuwa ta kan tilasta masa ya duba nesa, ya yi lissafi, ya jira. Abin da ya fi dacewa shi ne a yi koyon duka a ƙaramar mota, in kuma lalle akwai babba a gida, a ƙarshe malami ya zauna da shi a cikinta awa kaɗan, a koya masa tashi a hankali da tsayawa, ba gudu ba.

A nan Nijeriya

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke yi wa makarantun tuƙi rajista. Mai neman lasin na farko sai ya cika shekara 18, ya bi ta makarantar da hukumar ta amince da ita, sa'an nan jami'an duba motoci su jarraba shi. Iyakar gudun motar gida kilomita 50 ce a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. An kasa lasin aji aji bisa irin mota da nauyinta, ba bisa ƙarfin injinta ba. Ma'ana, yaron da ya karɓi lasin yau, gobe ya na iya ɗaukar mabuɗin mota mafi zafi a gidansu. Shingen da doka ta yi a Sidni, a nan sai uba ya yi shi.

Nan ne maganar Hakimi ta ke da nauyi. Kowa ya san yadda a ke koyon mota a yawancin garuruwa: direban gida ko wani yaya ya ɗauki yaro zuwa filin Idi ko filin makaranta, a motar da ba ta da birki biyu, ga yara su na ƙwallo a gefe. Direban gida kuwa ba zai iya tsawata wa ɗan maigidansa ba, malamin da ba ya iya tsawatawa kuma zamansa a motar bai da amfani. Kowa ya san kuma wasan mota da samari su ke yi ranar ɗaurin aure da kai amarya, wanda ya sha jawo makoki a gidan biki. Hakimi ya na iya kiran Dagatai da masu unguwanni ya sa a hana koyon mota a filin da yara ke wasa da wurin cin kasuwa, ya kuma gaya wa uban ango tun ranar da aka kawo goron gayyata cewa ba za a yi wasan mota a ƙasarsa ba.

In wani ya zo neman izinin fili don buɗe makarantar tuƙi, malamin Hakimi ya nemi ganin takardar rajistar hukuma, ya fita ya duba motar da idonsa. Ya ga jar alamar L gaba da baya, ya leƙa ƙasan kujerar malami ya ga birki na biyu, ya sa a taka shi a gabansa motar na tafiya a hankali. Ya rubuta lambar motar da irinta a littafin ofis, kafin a kai maganar gaban Hakimi.