Rayuwar 'yan kwana-kwana kafin jiniya ta yi kuka

Yau hirar tamu a kan aikin kashe gobara ce, aikin da na daɗe ina cin abinci a cikinsa. Yawancinku ba kwa ganinmu sai ranar da wuta ta tashi, mun taho da jar mota, jiniya na kuka, yara na bin mu da gudu. To amma ni a wurina, gobara tun a tasha ake cin ta ko a faɗi, a sa'o'in nan da mutane suke zaton muna zaune muna shan shayi. Su nake so in ba ku labari.

Bari in fara da ɗan tarihi, don mutane suna haɗa mu wuri ɗaya. A Najeriya aikin ya faro ne a Legas a 1901, a ƙarƙashin 'yan sanda. A 1963 aka yi dokar da ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya, wadda yanzu take ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Jihohi kuma kowace da tata hukumar, filayen jirgin sama ma da nasu ma'aikatan. Albashi da kayan aiki sun bambanta, amma idan babbar wuta ta tashi, duk kan wuta ɗaya muke haɗuwa.

To yaya yini yake farawa? Da fareti. Waɗanda suka kwana su miƙa, masu shigowa su karɓa. A kira suna, a faɗa wa kowa matsayinsa a mota: wane direba, wane a kan famfo, wane da wane a bakin tiyo. Daga nan sai duba kaya. A tayar da mota a ji ƙarar injin, a duba mai, a duba ruwan tanki, a gwada famfo, a warware tiyo a ga ko ya huje, a duba tsani da gatari da almakashin yanka ƙarfe. Kowace tukunyar iskar numfashi sai an karanta ma'auninta. Kullum ne fa, ko da jiya da daddare an duba. Kurtu yakan gaji da wannan, ya ce ai jiya ma lafiya lau take. Sai manya su ce masa, to jiya ka duba, wutar kuma ta yau ce.

Bayan nan sai atisaye. A ja tiyo a guje, a haɗa, a kwance, a sake haɗawa. A hau tsani da kaya a jiki. A ɗaure wa mutum ido a ce ya bi bango ya nemo ƙofa, domin a cikin hayaƙi ko tafin hannunka ba ka gani. Manufar ita ce hannu ya haddace aikin, saboda ranar da tsoro ya zo, kai yakan rikice, sai abin da hannu ya saba.

Kuma ku sani, ba wuta kaɗai ake kiranmu ba. Yaro ya faɗa rijiya, mu ne. An nutse a kududdufi, mu ne. Mota ta yi haɗari ƙarfe ya danne mutum, gini ya rushe, tankar mai ta kife, duk mu ne. Da damina ruwa ya fi ba mu aiki. Da hunturu kuwa, iska ta bushe, an kunna hita an manta, an shiga ɗaki da garwashi, an ɗauke wuta an dawo da ita da ƙarfi cikin dare alhali an bar kaya a jone, to a lokacin barcinmu kaɗan ne.

Yanzu ga maganar da na san tana ranku: "Ai 'yan kwana-kwana ba sa zuwa da ruwa." Wallahi babu maganar da ta fi wannan ci mana rai. Ku zo mu yi lissafi. A ce mota ta ɗauko lita 5,000. A ce tiyo ɗaya yana fitar da lita 500 a minti. Minti 10 ke nan ruwa ya ƙare. Idan aka buɗe tiyo biyu, minti 5. Me ya sa ba za a ƙara girman tankin ba? Saboda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lita 5,000 tan 5 ke nan, kuma motar da ta fi haka nauyi ba ta sauri, ba ta shiga lungu. A garuruwan da aka tsara, akwai famfunan gobara a bakin titi, mota na zuwa sai ta jona. A yawancin unguwanninmu babu su, ko akwai su amma a bushe. Dole mota ta juya ta je ɗebo ruwa. Wanda ya iso wurin a makare sai ya ga mota tana fita wuta na ci, ya ce ai da ma babu ruwa suka zo.

Ku tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna. Irin wannan wuta ta kasuwa, ga kaya masu saurin kamawa, ga rumfuna manne da juna, ga hanyoyin da aka toshe da tebura, ko mota goma aka kawo sai an sha wuya kafin a kai ga cibiyarta. Sannan ba kowace wuta ce take son ruwa ba. Wuta abu uku take buƙata: zafi, abin ci, da iska. Ka raba ta da ɗaya, ta mutu. Ruwa zafi yake ɗaukewa. Amma ka watsa shi a kan fetur, fetur ya taso saman ruwan ya bi shi yana ci, shi ya sa muke sa kumfa ta lulluɓe shi. Wutar lantarki kuma sai an yanke layin tukuna, in ba haka ba mai riƙe da tiyo shi ne gawar farko.

To mu zo kan zumunci. Mutane suna mamakin yadda muke kamar 'yan ɗaki ɗaya. Dalilin yana cikin aikin kansa. Tiyo idan ruwa ya cika shi, turo ka yake yi baya da ƙarfi, sai da wani a bayanka ya tokare ka. Mai famfo yana can waje bai ga wutar ba, amma idan ya yi sakaci ruwa ya yanke, na ciki sun shiga uku. Ɗaki mai hayaƙi ba a shigarsa mutum ɗaya, biyu-biyu ake shiga, kuma tare ake fita. A bakin ƙofa akwai mai rubuta sunanka da lokacin da ka shiga, domin iskar da ke bayanka ba ta wuce kusan rabin sa'a idan kana aiki mai nauyi. Shi zai ce lokaci ya yi, ku fito. Ka ga ke nan ranka yana hannun mutum uku ko huɗu a lokaci ɗaya.

Wannan yarda kuwa ba a bakin wuta ake ƙulla ta ba. A kwanon tuwo ake ƙulla ta. Mukan yi karo-karo a dafa abinci, a zauna a ci tare, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri da ɗan Tibi. Da azumi abokan aiki Kiristoci sukan ce ku je ku sha ruwa, mu muna nan. Ranar Kirsimeti mu rama musu. Akwai tsokana iri-iri, kowa da sunan da aka laƙa masa, kuma kurtu sai ya wanke mota ya gaji kafin a fara kiransa da nasa. Matar wani ta haihu, a yi gudummawa. Wani ya ji rauni, a yi ta zirga-zirgar asibiti.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa a gida ba. Ranar da aka fito da gawar yaro, mota takan dawo tsit, babu mai magana. Ka je gida uwargida ta ce yaya aiki, ka ce lafiya lau. Wanda kuka je tare shi kaɗai ya san abin da ka gani. Ina roƙon ƙannena a wannan aiki, kada ku haɗiye irin wannan ku yi shiru. Ku zauna ku yi maganarsa. Jiki ma yana ɗaukar nasa rabon. A 2022 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin kashe gobara cikin ayyukan da aka tabbatar suna jawo cutar daji. Don haka baƙin kaya mai warin hayaƙi ba abin taƙama ba ne. A wanke shi, a yi wanka da an dawo, kuma kada a kai shi ɗakin yara.

Sai maganar ƙarin girma, wadda matasa suka fi tambayata. A hukumar tarayya, takardarka ce take zaɓa maka ƙofar shiga. Mai shaidar sakandare yana farawa daga rukunin mataimaka, mai difloma ko takardar malanta ta NCE daga rukunin sufeto, mai digiri daga rukunin sufuritanda. Sama da nan sai matakan kwanturola, har zuwa Kwanturola Janar. Hukuma ɗaya ce take kula da ɗaukar aiki da ƙarin girma a kashe gobara, da shige da fice, da gidajen gyaran hali, da sibil difens. Akwai kuma makarantar horo ta ƙasa a Sheda, kusa da Abuja.

Hawa mataki yana son abu uku: ka cika shekarunka a kan muƙamin, ka ci jarrabawa, sannan a samu gurbi. A ƙa'idar aikin gwamnati, ƙananan ma'aikata shekara 2 ne, na tsakiya 3, manya 4. Na ukun nan, wato gurbi, shi yake sa mutum ya ci jarrabawa amma ya zauna yana jira, kuma nan ne zuciya takan ɓaci. Ritaya kuwa, shekara 35 a aiki ko 60 da haihuwa, duk wadda ta riga.

Shawarata ga ƙarami: ka koma makaranta tun da sauran ƙarfi, ka kai takardar a sa maka a fayil. Ka koyi abu ɗaya ka ƙware, ko tuƙin babbar mota, ko gyaran famfo, ko ceto a ruwa, ko duba gine-gine, ko binciken musabbabin gobara. Gwiwa da baya ba za su ɗauki tsani har abada ba.

Sannan ga abin da ba a rubuta a takardar ƙarin girma. Ranar da aka maƙala maka anini, an karɓe tiyo daga hannunka an ba ka mutane. Kai za ka tsaya ka dubi bango ka ce a shiga, ko ka ce a janye, mai dukiya yana kuka a gabanka yana cewa ku shiga. Waɗanda kuke cin tuwo tare jiya, yau kai za ka hukunta su idan sun makara. Saurayi mai digiri yakan zo ya zama ogan dattijon da ya shekara 20 yana shaƙar hayaƙi. Mai wayo a cikinsu yakan sauke kai ya ce, baba, yaya ka ga wutar nan? Dattijon kuma ya sara masa a gaban yara, ya gyara masa a gefe. Tashar da aka samu haka, za ka ga mutanenta suna komawa gida lafiya.

Ku kuma masu sauraro, ga naku rabon aikin. Wuta ta tashi, ku kira tun tana ƙarama, kada ku bari sai bokiti ya gaza. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, kuma ku nemi lambar tashar da ta fi kusa da ku ku ajiye a waya. Ku yi kwatance mai kyau, ku tura yaro bakin titi ya tare mu. Kun ji jiniya, ku ba da hanya. In mun iso, a ja da 'yan kallo baya, a daina taka tiyo. Jifa kuwa, don Allah a bari. Gilashin motar da aka fasa yau, gobe wata unguwar ce za ta kira a ce mota tana gareji.

Nan za mu dakata. Allah Ya tsare mu da gobara, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a bakin aiki. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.