Idon da Ke Bisa, da Kufan da Ke Ƙasa



Ku sani, ya 'yan'uwa, duk wanda ya taka ƙasar Kuki, ko ya ratsa tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, ba zai rasa gamuwa da kufai ba: tudun tsohuwar ganuwa, da gwalalo wanda ya cike, da kukoki tsaye inda babu gida ko ɗaya. Mai tafiya a ƙasa guntu kaɗai yake gani. Amma yanzu akwai tauraron ɗan'adam, na'ura ce da ake harbawa sama, tana kewaya duniya tana ɗaukar hoto, sai ta nuna da'irar garin duka kamar zobe.

Ga yadda abin yake, babu sihiri a ciki. Gwalalon da ya cike yana riƙe laima, saboda haka ciyawarsa ta fi ta kewaye tsanwa, kuma tana jinkirin bushewa da kaka. Inda gini ya nutse kuwa, shuka takan tsumbure. Wannan bambanci shi masana ke karantawa, kamar yadda alaramma ke gane wasali a tsohon allo.

Amurka ta ɗauki irin hotunan nan a asirce daga 1960 zuwa 1972, ta bayyana su a 1995. Darajarsu ita ce suna nuna ƙasa tun noma da gine-gine ba su cinye ta ba. In aka jera tsohon hoto da sabo, sai a ga abin da ya salwanta. A Masar, da wannan dabara aka ƙirga ramukan ɓarayin kaburbura bayan hargitsin 2011. Mu ma Nijeriya ta harba tauraronta na farko a 2003.

Kada wani ya ce babu abin tsarewa a ƙasarmu. Ku dubi Durɓi Takusheyi a ƙasar Mani, makwancin sarakunan Katsina na dauri. Bature Palmer ya tona a 1907, aka sake tonawa a 1992 tare da masanan Jamus. An sami zinariya da mundaye da wuri da tasa ta ƙasashen gabas. Wannan shaida ce cewa kakannin fatakenmu sun daɗe suna cuɗanya da nesa. Da ɓarayi suka riga zuwa, da labarin ya tafi har abada, domin kayan da aka fizge daga mazauninsu kamar takarda ce da aka yage daga littafi. Haka aka yi ta yi wa gumakan yumɓu na ƙasashen Katsina da Sakkwato, har a 2000 aka sa su cikin jerin kayan Afirka da ake gargaɗin duniya kada ta saya.

To, amma tauraro gani yake yi, ba ya hanawa, kuma bai san sunan gari ba. Sunan yana bakin dattawa da kundin malamai. Saboda haka ga roƙona. Malamai, mu rubuta sunayen kufan ƙasarmu tun masu sani suna raye. Manoma, a bar wa ganuwa gefenta. Attajirai, kada ku zama dillalan abin da aka tono da dare, dokar 1979 ta hana tono ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba. Wanda ya ga sabon rami, ya sanar da mai gari.

Ba girmama gunki muke kira a yi ba, Allah ya tsare. Alƙur'ani ya umurce mu da tafiya cikin ƙasa mu duba ƙarshen waɗanda suka gabata. In an shafe kufai, me za a duba a wa'aztu?

Allah ya sa mu cika da imani. Wassalamu.