Sojojin Afirka a Yaƙin Neman 'Yancin Biyetnam, 1946 zuwa 1954

Gabatarwa

A tarihin mulkin mallaka akwai wani al'amari da ba a cika tsayawa a kansa ba, wato yadda Turawa suka riƙa ɗibar talakawan wata ƙasa da suka mallaka, su kai su su murƙushe na wata ƙasar da suka tashi neman 'yanci. Wannan lacca za ta dubi misali guda, shi ne rundunar baƙaƙen sojojin Faransa da aikin da ta yi a Indocaina, yankin da ya ƙunshi Biyetnam da Laos da Kambodiya. Abin da za a nuna shi ne, sakamakon yaƙin nan bai tsaya a Asiya ba. Ya biyo sojojin har gida, ya shiga cikin sha'anin mulkin ƙasashensu.

Asalin Rundunar

Gwamna Faidherbe ne ya kafa rundunar a Senegal cikin 1857, aka sa mata suna Tirailleurs Sénégalais, wato maharban Senegal. Sunan ne kawai na Senegal, domin daga baya an riƙa ɗibar kurata daga Mali da Gini da Burkina Faso da Benin da Cadi da Nijar, kamar yadda ake kiran ƙasashen a yau. Sun yi wa Faransa yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Amma a ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe wa waɗansunsu wuta saboda sun nemi a biya su haƙƙinsu. Da wannan tabo rundunar ta shiga sabon yaƙi.

Dalilin Kai Su Asiya

A ranar 2 ga Satumba 1945 Ho Ci Min ya yi shelar 'yancin Biyetnam a birnin Hanoi. Faransa ta ƙi amincewa, yaƙi ya ɓarke cikin Disamba 1946 tsakaninta da ƙungiyar Biyet Min. Gwamnatin Faris ba ta yarda ta tura samarin da take ɗauka aikin soja na dole a cikin Faransa ba, don gudun fushin iyayensu masu jefa ƙuri'a. Saboda haka sai ta dogara ga sojojin sana'a, da na Arewacin Afirka, da 'yan Indocaina kansu, da kuma baƙaƙen fata. Daga 1947 zuwa ƙarshen yaƙin, kimanin mutum 60,000 daga Afirka kudu da Sahara suka yi aiki a can.

Da yawansu da ƙafarsu suka kai kansu. Saurayin ƙauye wanda haraji ya dame shi, ba shi da ilmin boko, ba shi da abin yin aure, yana ganin aikin soja hanya ce ta samun albashi da tufafi da martaba, da kuma fansho in an yi tsawon rai. Ba ƙiyayyar mutanen Biyetnam ta kai shi ba, don kafin ya hau jirgin ruwa bai ma san da su ba.

Yadda Aikin Ya Kasance

Yaƙin ba irin na fili ba ne, na sari-ka-noƙe ne cikin fadamun shinkafa da dazuzzuka. Yawanci an ɗora wa 'yan Afirka gadin hanyoyi da gadoji da ƙananan sansanoni, da rakiyar jerin motoci. Bayan mummunar asarar da Faransa ta yi a yankin Cao Bang cikin Oktoba 1950, Janar de Lattre ya sa aka gina ɗaruruwan ganuwoyin kankare kewaye da kwarin Jan Kogi, aka zuba sojoji a ciki. Mutum yakan yi watanni a irin wannan wuri, ga zazzaɓi, ga kewar gida, ga abokin gaba wanda da rana manomi ne, da dare mayaƙi.

'Yan Biyet Min sun gane wannan rauni. Sun riƙa watsa takardu, suna kira da lasifika cikin dare, suna tambayar ɗan Afirka dalilin da zai mutu don wanda ya mallake ƙasarsa. Waɗansu sun sauya sheƙa, musamman daga cikin 'yan Maroko, aka zaunar da su a Ba Vi, yamma da Hanoi, ba su koma gida ba sai 1972. Amma mafi yawa sun tsaya kan rantsuwarsu. A Dien Bien Phu, inda aka gwabza daga 13 ga Maris zuwa 7 ga Mayu 1954, akwai 'yan Afirka ta Yamma cikin masu harba igwa, kuma da sansanin ya faɗi an kama su tare da sauran. Cikin Yuli 1954 aka ƙulla yarjejeniyar Janiba, Faransa ta janye. Ranar 1 ga Nuwamba na wannan shekara yaƙin Aljeriya ya tashi, aka sake tura da yawansu can.

Abin Da Ya Biyo Baya

A nan ne darasin yake. Da mafi yawan ƙasashen suka sami mulkin kai cikin 1960, daga cikin waɗannan mutane aka kafa rundunoninsu. Ga su da horo da ƙwarewa, amma 'yan siyasa suna kallonsu a matsayin 'yan koren Turawa, su kuwa suna ganin 'yan siyasa ba su san wahala ba. A Togo, Shugaba Olympio ya ƙi ɗaukar sojojin da Faransa ta sallamo, aka kashe shi ranar 13 ga Janairu 1963. Cikin masu tawayen akwai Eyadema, wanda ya yi Indocaina da Aljeriya, ya kuma karɓe mulki a 1967. Bokassa na Afirka ta Tsakiya da Lamizana na Burkina Faso, waɗanda suka hau mulki a farkon 1966, duk sun yi Indocaina. Haka nan Seyni Kunce na Nijar, wanda ya kifar da gwamnatin Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974.

Ƙananan sojoji kuwa, nasu rabon shi ne na kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Cikin Disamba 1959 Faransa ta yi doka ta daskarar da fanshonsu, na takwarorinsu Faransawa yana ta ƙaruwa. Sai da wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, kotu ta ba shi gaskiya a 2001 bayan ya rasu. Ba a daidaita fanshon gaba ɗaya ba sai 2011, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya.

Kammalawa

Bai kamata a yanke wa waɗannan sojoji hukunci da kalma ɗaya ba, ko ta jarunta ko ta cin amana. Talakawa ne da aka yi aiki da su a yaƙin da ba nasu ba. Amma wajibi ne ɗalibin tarihi da ma'aikacin gwamnati su lura cewa rundunar da aka horar don ta tsare mulki daga talakawa ba ta sauya hali don an sauya mata tuta kurum. Sai an sake mata tarbiyya, an kuma biya ta haƙƙinta a kan kari.