Babbar Riga Ko Kwat: Me Sabon Ɗalibi Zai Sa A Akwati?

A kowace shekara, da zarar sunayen waɗanda suka sami shiga manyan makarantu sun fito, sai shawara ta kaure a gidajen Yelwa da Wara da Shanga a kan tufafin da za a haɗa wa yaro. Masuncin da ke jefa koma a Tafkin Kainji, watau tafkin da ya samu bayan gama madatsar ruwa a 1968, yakan sayar da kwandunan banda domin a ɗinka wa ɗansa babbar riga ta shadda, wai kada ya ji kunya a gaban 'ya'yan ma'aikata. Wani kuwa kwat da laktaye yake nema.

Alhali a shekarar farko ba safai ake bukatarsu ba. Ranar rantsar da sababbin ɗalibai, ko a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, rigar biki ake ɗorawa a kai, kuma tana rufe abin da ke ƙasa. Kaftani biyu da hula mai kyau sun wadatar ga aji da sallar Juma'a.

Sai dai ɗalibin koyon aikin lauya, shi kam tilas ne ya tanadi fari da baƙi. Mai zuwa Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu zai bukaci shiga ta kamala lokacin gwajin koyarwa, amma wannan sai karatu ya yi nisa, sa'ad da rigar bana wataƙila ta matse shi. Kafin nan, gidan sauro da bokiti da bargon hunturu su ne zai fara nema tun daren farko.