Rediyo mai memori a Kuyello: ina gaskiya, ina jita-jita

Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi saboda 'yan bindiga, wanda ke da tafsiri ko waƙa a cikin memori ya ci gaba da saurare yadda ya saba. Shi ya sa har gobe 'yar rediyon nan mai cin memori, wadda samari ke kira MP, take da daraja a Kuyello da ke Birnin Gwari: manomi ya rataye ta a reshe yana noman masara, mai shayi ya ajiye ta kan tebur. Sai dai maganganun da ake yi a kanta sun yi yawa, kuma wasu suna sa talaka asarar kuɗinsa.

Wadda ta fi cutar da mutane ita ce maganar lambobin da ke jikin kwali. Mai saye ya ga an rubuta 9900mAh a jikin batir, mai kaya ya ce masa wannan sai ya kwana uku yana yi. Ƙarya ce. Dogon batirin nan mai kama da ɗan yatsa, mai lamba 18650, ko na manyan kamfanoni irin su Panasonic da Samsung bai wuce kusan 3500mAh ba. Duk wanda aka rubuta masa fiye da haka, rubutun ne kawai. Na kirki yana da nauyin kusan giram 45, jabu kuwa da ka ɗora shi a tafin hannu za ka ji shi sakayau. Haka ma lambar ƙarfin sauti da ake zubawa da manyan baƙaƙe, sau da yawa rubutun ne kawai. A ganina tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: ana iya cire batirin a sa wani? Idan na 18650 ne, ko falalen nan BL-5C irin na tsohuwar Nokia, to ranar da ya mutu za ka samu wani wajen masu gyaran waya a Birnin Gwari ko Funtua. Idan kuwa a liƙe yake a ciki, mutuwarsa ita ce mutuwar rediyon, komai kyanta.

Ana kuma cewa sabuwar rediyo sai ta kwana a caji, kuma kada a mayar da ita sai batirin ya ƙare ƙarƙaf. Wannan dokar tsofaffin batura ce, ba ta shafi na litiyom irin na waɗannan rediyoyi ba. Su barin su su ƙare gaba ɗaya ne ma ke rage musu kwana. Abin da ke kashe su da gaske zafi ne: a bar rediyo a kan kunya da tsakar rana, ko a jingine ta da faifan sola tana caji cikin rana. A sa ta a inuwa. Batirin da ya kumbura kuwa a cire shi, don yana iya kamawa da wuta.

Sai batun memori. Wai mai girma ya fi fitar da sauti. Girman memori ba ruwansa da daɗin sauti, yawan abin da zai ɗauka kawai yake nunawa. Waƙar MP3 irin wadda masu turawa ke sa wa mutane tana cin kusan megabait ɗaya a minti ɗaya, wato memori mai giga 8 zai ɗauki sama da awa 100. Ka zuba Shata da Ɗanƙwairo, ka ƙara da karatun Alƙur'ani da tafsirin azumi, da sauran wuri. Ƙananan rediyoyi da yawa ma ba sa karanta memorin da ya wuce giga 32. Gaskiyar da ke cikin ƙorafin mutane ita ce jabun memori ya cika kasuwa: a jikinsa giga 32, a cikinsa bai kai ba, sai a yi ta turawa yana karɓa, a je gida rabin waƙoƙin su ƙi buɗewa. Maganinsa, ka sa a cika maka shi a gabanka, ka kunna na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin ka ba da kuɗi.

Cewa memori na kwaso bairos a shagon turawa gaskiya ne, daga kwamfuta yake shiga. Amma ba ya lalata rediyon, kuma sau da yawa ɓoye waƙoƙin yake yi, wanda ya iya zai dawo da su. Kada a yi saurin goge komai.

Akwai maganar da ta fi tayar da hankali a yanki irin namu: wai da rediyon ana iya gane inda mutum yake a daji. Rediyon da ba ta da layi karɓa kawai take yi, ba ta magana da turken sabis. Mai Bluetooth ma, Bluetooth ɗin bai fi nisan kamar mita 10 yake kaiwa ba. Waya mai layi ce ake iya bin sawunta. Haɗarin rediyo na gaske ƙararta ce, wadda ake ji daga nesa, da kuma toshe kunnuwa biyu da iyafis har mutum ya kasa jin babur na tahowa ko kiran maƙwabcin gona. Maganar cewa iyafis na kashe kunne ma gaskiya ce idan an ƙure ƙara: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan ɗaya na cikin haɗarin raunin ji saboda irin wannan saurare, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa.

Abu na ƙarshe da mai kaya ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya: yawancin ƙananan nan FM kaɗai suke kamawa, FM kuwa ba ya cin dogon zango, Kuyello kuma ta yi nisa da Kaduna. Mai son labaran BBC Hausa da asuba ya duba ya ga an rubuta SW, wato gajeren zango, ya ja eriyar ya gwada a nan kasuwa, ya kuma tabbatar idan an kashe ta an kunna tana ci gaba daga inda tafsirin ya tsaya, ba ta koma farko ba.